Yadda Za Ki Ɗinke Zancen Mutum Biyu Ya Zama Ɗaya, Dabarar da Muka Sato Wurin Tsutsa

Ke mai karatu, gyara zama. In kina da 'ya ko jika da ta fara ɗaga kai tana shirin tafiya wani gari ta bar ki da bango huɗu da rediyo, to magani ya iso har ɗakinki. Na yi miki alkawari, in kika bi matakan nan yadda na jera su, ba za a bar ki ke kaɗai ba. Ba kuka ba ne, ba ciwon ƙarya ba ne, wanda yaran yanzu ke ganewa tun ba ki gama nishin farko ba. Kimiyya ce tsantsa, kuma an gwada ta a benenmu, a hawa na uku, a kan mutane masu rai.

Wadda ta gwada ƙawata ce, ƙofarmu na kallon juna. Uwar Kwalabe muke ce mata, domin tunda nake ban taɓa ganin ta jefar da kwalba ba. Ta man shafawa, ta maganin tari, ta turaren da ya ƙare tun mijinta na da rai, duk suna nan jere a ƙarƙashin gado da saman firij. Ita ta raini jikarta tun tana rarrafe, bayan rasuwar uwar. Yarinya ta girma, ta yi karatu har ya fi ƙarfin gidan, ta samu aiki a ɗakin gwaje-gwaje inda ake kiwon wasu tsutsotsi ƙanana da ba a gani sai da madubin ƙara girma. Shi ya sa duk bene ke ce mata Likitar Tsutsa.

Sai ga wani babban wurin bincike a gari mai nisa, tafiyar jirgi, ya kira ta gwajin aiki. Ranar da Uwar Kwalabe ta ji, shayi ya huce a hannunta ba ta kurɓa ba. Gwiwa ba ta hawa bene sai da hutu, yanar ido ta fara rufe mata ido ɗaya. Wa zai karanta mata rubutun jikin magani? Wa za ta yi wa faɗa da safe? Daga nan dabara ta taso.

Mataki na 1: Ki bari yarinyar ta koya miki ilimin da za ki yaƙe ta da shi

Kada ki nuna kin damu. Ki nuna sha'awa. Masu ilimi ba su da wani rauni kamar su ga an zauna ana sauraronsu.

Kafin gwajin, Likitar Tsutsa ta zaunar da mu biyu a kan doguwar kujera don ta gwada jawabinta.

"Kaka, ku ne manyan masanan. Ku ɗaure fuska. In na gama ku yi mini tambaya."

"Ni tambayata ɗaya ce. Wa zai riƙa sayo mini burodi?"

"Wannan ba ta cikin jarrabawa."

Ta zaro zare biyu daga kwandon saƙar kakarta, ja da shuɗi, ta fara bayani. Zan faɗa miki yadda na fahimta, ki riƙe da kyau, domin nan ne jarin.

Jikinki kaf ƙananan ɗakuna ne, sunansu ƙwayoyin halitta. Cikin kowanne akwai DNA, wato uwar zance, wadda ba ta leƙa ko ƙofa. A jikinta ƙwayoyin gado suke jere kamar ƙofofin bene, kowace da abin da take cewa. In ana son a yi wani aiki, sai a kwafo maganar guda ɗaya. Kwafin nan shi ne RNA, saƙo ke nan. Amma ɗanyen kwafi cike yake da surutu: ga magana mai amfani, ga shirme, ga wata mai amfani. Sai wata na'ura da ke cikin ɗakin, mu dai tela muka raɗa mata, ta zo ta yanke shirmen, ta ɗinke masu amfanin.

"Wannan ai kowa na yi," in ji Uwar Kwalabe. "Wa ke kai saƙo da gaisuwarsa da tarinsa?"

"Tsaya ki ji nawa aikin." Yarinya ta sa almakashi ta datse jan zaren, ta datse shuɗin. "Yawanci telan saƙo ɗaya yake gyarawa. Amma wani lokaci sai ya ɗauko kan wannan saƙo, ya ɗauko wutsiyar wancan, daga ƙwayoyin gado biyu da ba su haɗa ƙofa ba, ya ɗinke su." Ta ƙulla ja da shuɗi, ta ɗaga. "Saƙo ya fita sumul. Masu karɓa su yi aiki da shi, ba su san gida biyu ya fito ba."

Uwar Kwalabe ta gyara tabarau. "Kuma ba a kama shi?"

"Wa zai kama shi, Kaka? Kowane harafi na gaske ne."

A nan na ji an mintsine ni a cinya. Har yau wurin in hadari ya taso yana tuna mini.

Mataki na 2: Ki nemo turken da za ki ɗaure ta

Ki daina ruɗin kanki, ba a fasa jirgi don kaka. Kaka kamar kujerar falo take, ana sonta, ana kewarta, amma ana tafiya. Sai kin samo wani a kusa, mai sauran gashi baƙi.

A ƙasan benenmu akwai kantin magani. Mai tsaronsa Dogo ne, wanda in zai shiga ƙofar kantinsa sai ya sunkuya. Ba shi da mata, ba shi da surutu, in budurwa ta gaishe shi sai ya amsa wa kwalin auduga. Yana auna wa tsofaffin bene hawan jini, in ya ga ya hau ba ya tsorata mutum, sai ya ce, "Mama, a rage gishiri, a rage tunani." Uwar Kwalabe ta yi lissafinta: yarinyar da ke da wani a ƙasan bene, me za ta je nema a sama?

Abin lura: namiji mai kunya ya fi daɗin ɗinki, domin ko za a yanka shi ba zai je ya tambaya ba.

Mataki na 3: Kada ki ƙirƙiro ko kalma ɗaya, ki tsinto

Maƙaryata ne ke ƙirƙira. Mu masu kimiyya ne. Tela ba ya saƙa yadi, yankawa yake yi. Aikinki ki fita da kunne a buɗe, ki kwaso ɗanyen zance daga ƙofofi daban-daban, amma na kusa da juna, domin ko a cikin ƙwayar halitta sai saƙonnin biyu sun matso kusa ake iya haɗa su.

Uwar Kwalabe ta sauka awo da safe. Dogo ya naɗa mata abin a dantse yana matsawa.

"Ɗan nan, ka rame."

"Wallahi Mama, kwana biyun nan ba na barci, ba na iya cin abinci, saboda haƙorin nan na can ciki."

"Kai da ke zaune tsakiyar magani?"

"Cirewa yake so, ni kuma tsoro nake ji."

Ta ce Allah ya sawwaƙe, ta ninke zancen ta sa a aljihu. Tana fitowa Baba mai gadi ya tare ta daga kan bencinsa, da ƙorafinsa na kullum.

"Hajiya, ki yi wa yarinyar nan magana. Kullum ita ce ƙarshen dawowa. Ni sai na ga jikarki ta shigo hankalina yake kwanciya, saboda sai lokacin nake kulle ƙofa in je in miƙe bayana."

Da can irin wannan magana tsaki take ja. Ranar kuwa har godiya ta yi masa, ya bi ta da kallo.

A hawa na biyu ta iske matar direba tana shara tana mita ita kaɗai, kamar yadda ta saba. "Ni abin da ke kashe ni yadda Dogo yake ƙirga ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya da ɗan cokalinsa. Mutum ya tsufa a tsaye!" Wannan ma ya shiga aljihu.

Na ƙarshe a gida ta same shi, suna cin abinci. Ta ce wa jikar, "Ke wai ba kya gajiya da halittun nan?" Yarinya ta ce, "Kaka, zan iya wuni guda ina kallon tsutsotsin nan ban gaji ba." Uwar Kwalabe ta ƙara mata nama.

Mataki na 4: Ki san inda ake sa almakashi

Jikar ta ce telan cikin ƙwayar halitta ba ya yanka da ka. Akwai 'yan haruffa a farkon shirme da ƙarshensa, su ne alamarsa. In ya kuskure ko da harafi ɗaya, saƙon ya zama kwamacala, kuma akwai masu binciken da ke cinye irin wannan kafin ya yi ɓarna.

A zancen ɗan Adam alamar ita ce "saboda". Duk abin da ya biyo bayanta, dalili ne, kuma dalili shi ke ɓata labari. Datse shi.

Mun zauna a ɗakina, muka shimfiɗa guntayen kamar masu gyaran wake. Kan Dogo, wutsiyar Baba mai gadi:

"Kwana biyun nan ba na barci, ba na iya cin abinci, sai na ga jikarki ta shigo hankalina yake kwanciya."

Kan Likitar Tsutsa, wutsiyar matar direba:

"Zan iya wuni guda ina kallon yadda Dogo yake ƙirga ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya da ɗan cokalinsa."

Ki karanta da ƙarfi, ki gaya mini inda ɗinkin yake. Babu! Uwar Kwalabe ta yi dariya har tabarau ya faɗa cikin kofi.

Mataki na 5: Ki sa wa saƙo hula

Wannan shi ne abin da tsutsa ta fi kowa iyawa. Jikar ta ce tsutsotsinta suna da wani ɗan guntun RNA iri ɗaya, ana ƙera shi da yawa a gida na daban, a riƙa liƙa shi a goshin saƙonni iri-iri kamar hula. Ƙwayar ciwon barci ma, wadda ƙudan tsando ke yawo da ita, ba saƙonta da ke fita kai ba hula. Da hular ake gane saƙo, a karɓe shi, a yi aiki da shi.

Da muka ji haka muka kalli juna. Ashe tsutsa 'yar'uwa ce. Mu ma muna da tamu hular tun kafin a haifi masu madubi, kuma girmanta ɗaya ne, tana shiga kowane kai: "Kada ki ce ni na faɗa miki."

Uwar Kwalabe ta iske jikar tana gugar farar rigarta ta aiki.

"Ke 'yar nan, kada ki ce ni na faɗa miki."

"To kada ki faɗa."

"Dogo ne. Na je awo, sai ya dube ni ya ce, wallahi Mama, kwana biyun nan ba na barci, ba na iya cin abinci, sai na ga jikarki ta shigo hankalina yake kwanciya."

"Kaka, ki ji tsoron Allah."

"Ina jin tsoronsa fiye da ke. Kowace kalma da kunnen nan nawa na ji ta, yau ɗin nan."

Yarinya ta ce, "Tsohuwa da neman magana," ta ci gaba da guga. Sai dai ba ta ci gaba ba. Dutsen gugar ya tsaya wuri ɗaya har ƙauri ya tashi, farar riga ta samu tambari a baya.

Washegari aka koma awo. Da Dogo ya ji nasa saƙon da hularsa, sai ya manta yana matsa abin awon har hannun tsohuwa ya fara sanyi.

"Ni, Mama?"

"Akwai wani Dogon a ƙasan benen nan? Sassauta mini, za ka tsinke ni."

Mataki na 6: Ki koma gefe ki kama bakinki

Wannan mataki ya fi kowanne wuya. Mata da yawa nan suke faɗuwa. Ki samu taga mai kallon ƙofar kanti, ki kai kujera da abin taɓawa, ki yi shiru.

Da farko Likitar Tsutsa ta wuce kantin da sauri kamar ana bin ta. Bayan nan ta shiga sayen auduga. Sai filasta. Sai wata filastar. Gidan da ba wanda ya yanke ko farce ya tara filastar da za ta ishi asibiti. Shi kuwa Dogo, da ta shigo sai ya jawo faranti ya fara ƙirga ƙwayoyi ko ba wanda ya saya, yana juya ɗan cokalin nan da yanga kamar mai kaɗa shayin sarauta. Ya ɓata lissafi, ya sake daga farko. Mutumin da ke tsoron kujerar likita ya je da ƙafarsa aka cire masa haƙori, don kada a gan shi da kumburarren kumatu. Ya sayi sabuwar riga da hannunta ya kai wuyan hannu, abin da ba mu taɓa gani ba.

Ana cikin haka mutanen gari mai nisa suka bugo waya, suka ce ta ci gwaji, ita suke jira. Uwar Kwalabe na bayan labule. Ta ji da kunnenta yarinya ta ce, "Ku ba ni lokaci tukuna, akwai abin da nake jira." Ranar gwiwa ta manta tana ciwo. Ta shigo ɗakina tana rawa da sanda a sama, tana cewa, "Ta kamu! Ta kamu!" har na ƙasa suka buga silin da tsintsiya.

Mataki na 7: Ki ƙona ragowar yanka

Ki karanta wannan sau biyu. Jikar ta faɗa mana da bakinta: in an gama ɗinki, ragowar da aka yanke tana fitowa da baki biyu kamar gwafa, kuma ƙwayar halitta ba ta ajiye ta, nan take take narkar da ita. Tsutsa ma ta san wannan.

To amma wa aka ba wa aikin? Matar da ba ta iya jefar da kwalbar da babu murfi. Guntaye biyu suka rage mata a aljihu, na Dogo da na mai gadi, suna mata ƙaiƙayi. Ta juya su, ta sake juyawa, sai ta ga ai sun dace: "Saboda haƙorin nan na can ciki nake kulle ƙofa in je in miƙe bayana." Lafiyayyen zance, ko lahani babu, a ce a zubar? Ta ce almubazzaranci ne. A wurin shanya ta sa masa hula ta miƙa wa matar direba kyauta.

Kafin inuwa ta juya duk bene ya ji cewa haƙori ya kwantar da Baba mai gadi, kuma daga yau da wuri zai riƙa kulle ƙofa. Malamin makaranta na hawa na huɗu ya baro taro a tsakiya ya dawo a guje. Masu zuwa kasuwa suka dawo da rabin cefane. Mata suka yi ta sauko wa Baba da ruwan gishiri da kanumfari, kowa na cewa sannu, shi yana amsawa bai san da me ake masa ba. Da ya gane, sai ya ce lafiyarsa lau. Matar direba ta ce maza haka kuke, sai kun faɗi, ta kama hannun rigarsa ta ja shi kantin Dogo.

Wa ke jingine da kanta tana sayen filasta? Likitar Tsutsa.

Mu muna kan matakala muna gani, muna ji. Baba ya wangale baki gaban kowa.

"Ku duba! Ku duba da kyau! Ina haƙorin can ciki? Sun yi ritaya tun kafin a gina benen nan!"

Dogo ya leƙa, ya ɗago. "Gaskiya babu. Haƙorin can ciki ai ni ne... haka dai na faɗa wa Mama."

Yarinya ta ajiye filasta. "Me ka faɗa mata? Faɗa mini daidai yadda ka faɗa."

Nan Uwar Kwalabe ta tuna abin da ya kamata ta tuna tun farko. Aikin jikarta ke nan. In ta tsinci saƙo mai kama da haɗi, komawa take wurin uwar zance ta nemo ƙofar da kowane ɓari ya fito. Ana biyan ta albashi a kan wannan. Ta tambayi Dogo, ya faɗi nasa, kunnuwansa kamar za su kama wuta. Ta tambayi Baba, ya faɗi nasa har da ƙari. Dogo ya yi ta maza ya ce to shi ma akwai abin da aka gaya masa game da cokali. Matar direba ta dafe ƙirji ta ce, "La! Ai wannan mitata ce." Kuma da yake ta samu fili, ta maimaita masa ita gaba da gaba.

Uwar Kwalabe ta juya za ta hau sama da gudu. Gwiwa ta ce ba da ita ba.

Mataki na 8: In an kama ki, ki tsaya a kan kimiyya

Kada ki yi musu, kada ki suma. Ki zauna a kujerarki ki ɗauki saƙa.

Yarinya ta shigo ta rufe ƙofa, ni ina ciki, domin ba a kori shaida ba.

"Kaka. Kan Dogo, wutsiyar Baba mai gadi."

"Na yi ƙarya?"

"Kaina, wutsiyar matar direba."

"Na ce na yi ƙarya? Ke kika tsaya nan da zarena kika ce kowane harafi na gaske ne. In tsutsa ta yi a ba ki jirgi, in kakarki ta yi a rufe ƙofa?"

Likitar Tsutsa ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai dariya ta ƙwace. Ta yi ta yi har ta zame ƙasa ta jingina da firij, kwalabe na rawa a sama. "Har da hula," take cewa, "har da hula kika sa!" Uwar Kwalabe ta fara murmushi, ta ɗauka ta tsira.

Sai dariya ta tsaya. Yarinya ta share ido ta ce a hankali, "Me ya sa, Kaka?"

Tsohuwa ta dubi saƙarta. Ta nemi wata dabara a aljihu, ba ta samu ba. Ta ce, "In kin tafi, wa zan yi wa faɗa da safe?"

Yarinya ta gyara zama a jikin firij.

"Kaka, tafiya kam zan yi. Aikin da nake so ke nan tun ina makaranta."

Allurar saƙa ta tsaya. Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa, wani ya sunkuyo ya shigo. Dogo ne, ya baro kanti a buɗe, ɗan cokalin na hannunsa bai sani ba.

"Mama, a gafarce ni. Maganar nan da kika kai, ba ni na faɗe ta ba." Ya dubi saman firij. "Amma in yanzu aka tambaye ni, zan faɗe ta da bakina, kuma ba haƙori a ciki."

Yarinya ta sunkuyar da kai tana wasa da kwalin filasta. Ta ce, a cikin ƙwayar halitta ma wani haɗin yakan yi aiki. Daga ji kin san ba zancen tsutsa take ba.

Mataki na 9: Ki karɓi sakamako yadda ya zo

Zuciyar Uwar Kwalabe ta sake tashi. Ta ce, "To alhamdulillahi. Ga shi nan a ƙasan bene, ina za ki kuma?"

Dogo ya sosa ƙeya. "Ai Mama, kantin magani ko'ina akwai. In ta yarda, ni zan bi ta."

Kin ji fa. An kafa turke, turke ya tsiro ƙafa. Ba jika, ba mai awon jini. Uwar Kwalabe ta cire tabarau ta ɗora a cinya. Duk yankan nan, duk ɗinkin nan, ashe wa jirgi ta ƙara fasinja.

Jikar ta matso ta durƙusa gabanta.

"Wai ke tsohuwa, wa ya ce miki zama za ki yi? Tun ranar gwaji na gaya musu ba ni kaɗai ba ce. Na ce sai sun ba ni gida mai ɗaki biyu, a ƙasa, babu matakala, saboda gwiwarki. Shi nake jira. Ban faɗa miki ba don kada in sa miki rai su hana. Ɗazu suka kira, sun bayar."

"Ni? A jirgi?"

"Ke. Kuma an ce gidaje ne jere, maƙwabta dama da hagu, ba wanda ya san halinki."

Uwar Kwalabe ta mayar da tabarau. Ta dubi jikarta, ta dubi Dogo, hawaye na bin kumatu. Sannan ta ce, "Ja'ira. Kika bar ni ina ta wahala da almakashi? Kai kuma ka je ka rufe kantinka kafin a kwashe."

Aka ɗaura aure, aka ɗaure kaya. Baba mai gadi ya riƙe mata hannu har mota, yana cewa ya yafe amma bai manta ba. Ta leƙo ta taga tana ba ni umarni a kan tukwanen furenta har motar ta sha kwana.

Gargaɗi

Na yi alkawari ba za a bar ki ke kaɗai ba, kuma ba a bar ta ba, saboda haka ba mai bi na bashin magana. Abin da ya wuce wannan ba ruwana. In rigar aiki ta ƙone, in an cire wa bawan Allah haƙori, in an buɗe bakin dattijo a bainar jama'a, in aure ya ƙullu ko ya ƙi, ki nemi tsutsa, ita ta fara. Ban san ki ba, ban taɓa ganinki ba, hannuna ma ba ya riƙe alƙalami sosai.

Kuma in ke ce ƙawar da ta taya ɗinki, ki sani babu mataki na goma dominki. Ƙofar da ke kallon tawa a rufe take. Jiya malamin hawa na huɗu ya dawo da wata akwati da ba tasa ba, na fito da gudu har da takalmi ɗaya, na ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa, sannan na tuna. Na koma na faɗa wa tukwanen fure.

Gidan da ta bari ɗaki biyu ne da falo, ruwa na zuwa, taga na kallon titi. In kin san wata tsohuwa mai baki tana neman haya, turo mini ita. Mai shiru-shiru kada ta wahalar da gwiwarta.